Batirin da Bawana Ya Aiko

Milezi, Injamena
Watan Muharram, 1430

Zuwa ga bawana Kamaluddeen, ɗan Goggo Habiba, a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da Goggo da duk mutanen gida. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwar Baba, ita ce ma dalilin wannan takarda. Amma kafin nan, watan wasan taubasai ya kama. Ni ɗan namiji, kai ɗan mace, ga shi har cika-ciki ta wuce ban ga bawana ya zo ya share mini ƙofar ɗaki ba. An ce mini ka yi tumbi, kana hawa jirgi zuwa Sin kana sayo kaya. Jirgin yana iya tashi da kai kuwa, ko sai an rage fasinja?

To ga magana. Ka san baƙin babur ɗin Baba, wanda ya girme ni ya girme ka, tun kafin ya auri Inna ya saye shi. Shi yake hawa kullum bayan asuba ya tafi Farcha wajen mahauta ya sayo fatu. Mahautan nan shekara da shekaru suna ajiye masa, amma in rana ta ɗaga ba su gan shi ba wani za su miƙa wa, don ɗanyar fata wari take yi.

Babur ɗin yana da maɓallin tayarwa, amma maɓalli sai da batir, batir kuwa a garin nan ba ya rai. Zafi ya shanye ruwansa, a ƙara masa, ya sake shanyewa, kafin damina ya mutu. Wanda ke ciki yanzu ko hon ba ya iya yi, sai wani kuka kamar akuya mai mura. Da can Baba ba ruwansa, ƙafa zai sa ya buga kik sau ɗaya ya wuce. Yanzu gwiwar dama ta ƙi. Da safe ni nake fitowa in buga masa. A Farcha kuwa in zai dawo sai ya tsaya yana duba fuskokin samarin mahauta, wa zai roƙa. Ranar nan wani ya ce masa, "Tsoho, a tura ka ne?" Da ya dawo bai taɓa abinci ba.

Yaya Dawuda ya samu abin da yake nema. Ya zauna gaban Baba ya ce, "Baba, kalas, ya isa haka. Ka zauna a gida, ni zan riƙa zuwa Farcha." Baba ya ce, "In zauna in yi me? In taya matan gida tsintar shinkafa?" Yaya ya ce in babur ya sake barinsa a hanya zai tara dangi a karɓe makulli. Ka san shi dai, ko dariya zai yi sai ya waiga ya ga ba kowa.

Kamalu, mutumin nan in aka zaunar da shi ba zai daɗe ba. Don haka ubangidanka yana umartarka, cikin tarkacen da kake kwasowa daga Sin ka nemo mana batirin da ba ya jin ƙishirwa. Ka ba Waliyyullahi direba, yana juyowa ta Gamboru. Kada ka ce za ka kira ni a waya, kafin ka gama sallamarka mai tsawo kati ya ƙare.

Ka gaida Goggo, ka ce mata har yanzu ina mamakin yadda kyakkyawa irinta ta haife ka.

Ubangidanka,
Zulkiflu ɗan Ilyasu


Kano
Fabrairu, 2009

Zuwa ga Zulkiflu, ubangidan da ba shi da ko kaza.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na sha wuya kafin na karanta, don ajaminka kamar kaji sun yi dambe a kan allo. Muna lafiya. Hajiya, goggonka, ta damu ƙwarai da jin batun gwiwar Kawu, ga man zafi nan ta ce a riƙa shafa masa bayan an gasa da ruwan ɗumi.

Ga batir kuma a hannun Waliyyullahi. Kada ka ɗaga kwalin ka ce fanko na aiko maka, haka yake, ba shi da nauyi. Litiyam ake ce masa, irin na cikin waya ne amma babba. Ba a zuba masa ruwa, ba ya tsiyaya. Biyu na shigo da su na gwaji, ɗayan yana kan sabon babur ɗina tun kaka, bai taɓa ba ni kunya ba.

Sai dai batirin manya ne, yana da sharuɗɗa. Kullum da safe ka durƙusa ka gaishe shi, kuma da Hausar Kano, don ba ya jin Larabcinku na kasuwa. Wanda bai yi wanka ba kada ya taɓa shi, ka ga kai ka fita. Babur ɗin Kawu tsoho ne, cajinsa ba shi da linzami, sai an sa masa ɗan akwatin nan mai tsayar da caji in batir ya ƙoshi, in ba haka ba zai yi ta ɗura masa har ya yi fushi. Kada a yi gulma kusa da shi. Ranar Juma'a a fesa masa turare mai kyau, ba irin naka ba. In ya ga fuskarka da sassafe ya ƙi tashi, wannan kuma ba laifina ba ne.

Batun shara, na ajiye maka tsintsiya, ka zo Kano ka nuna mini yadda ake riƙewa.

Ƙarshen watan nan zan koma Sin, zan ɗan jima. Ka gaida Kawu da kyau, ka ce ya sa ni a addu'a. Ka gaida Yaya Dawuda, in ya amsa.

Naka,
Kamaluddeen


Milezi
Watan Rabi'ul Awwal

Bawana,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, man Goggo ya yi amfani, Baba yana godiya.

Yau dai dole in yabe ka, ko da yake abin yana mini ciwo a maƙogwaro. Na kai batirin wajen Abdussamad bakanike. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya girgiza shi a kunne, ya ce, "Ina bakin zuba ruwa?" Na ce ba shi da baki, irin mutanen Kano ne in an zo rabon aiki. Ya ɗaura shi ya ce Baba ya danna. Kamalu, ko gama dannawa bai yi ba babur ya ɗauka! Baba ya kashe, ya sake dannawa. Ya kashe, ya sake. Sai da Abdussamad ya ce, "Malam Ilyasu, mai fa kake ƙonawa."

Washegari ban fito ba, ina kwance na ji Baba ya tayar da babur da kansa ya tafi. Waɗanda suka gani a Farcha sun ba ni labari. Wai da ya gama ɗaure fatu sai ya kira saurayin nan da ya ce a tura shi, ya ce, "Zo, ɗana, riƙe mini hular nan." Yaro ya riƙe. Baba ya hau, ya danna da ɗan yatsa ɗaya, ya karɓi hularsa ya ce, "Na gode, aikin da nake da shi ke nan." Mahauta suka yi ta ihu.

Yanzu rana tana fitowa ya isa Farcha, fatu masu kyau duk nasa ne. Ya koma cin tuwo har da neman ƙari. Yaya Dawuda ya zagaya babur ɗin yana neman abin faɗa bai samu ba, ya ce fitilar ta cika haske. Baba kuwa duk wanda ya shigo zaure sai ya ji labarin ɗan Habiba. "Ɗan Habiba ya fi 'ya'yan cikina." Ni da na rubuta takardar ko sannu ban samu ba. Bawa ya yi aiki, a yabi bawa, ubangida yana tsaye. Duniya ta lalace.

Sharuɗɗanka duk na cika su. Ina gaishe shi da safe, yana amsawa da hanci irin naku. Turare na fesa masa na Inna. Wanka ne dai muke tattaunawa. Akwatin da ka ce, na samo na ashana na ɗaura masa, linzami kuma na aro na jakin mai ruwa. Gulma ce ta gagara, don a Milezi muke.

Abu ɗaya na lura. In sun dawo daga Farcha batirinka yana zazzaɓi, in ka sa hannu a murfin gefe sai ka janye. Ina jin kewar Kano yake yi.

Ubangidanka mai adalci,
Zulkiflu


Milezi
Watan Rabi'us Sani

Kamalu,

Sallama. Ina fata kana lafiya duk inda kake. Ban ga amsarka ba. Na ari waya na kira lambarka, wata mata ta yi ta mini Turanci. Waliyyullahi ya ce shagonka a rufe yake, takardata tana wajen Goggo. Me kake yi a Sin har yanzu, ko sun riƙe ka ne suna gwada tumbin?

Zafi ya sauka a garin nan irin wanda kwalta take kama takalmi. Batirinka kuma ya yi ciki. Da gefensa a miƙe yake kamar allo, yanzu ya turo, murfin ba ya rufuwa sai na ɗaure da roba. Yana wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kamar alewa ta ƙone. Aiki kuwa yana yi fiye da da, ko taɓa maɓalli ka yi ya tashi, shi ya sa ba wanda zai yarda da ni.

Na koma wajen Abdussamad. Ya taɓa, ya shinshina, ya ja da baya. Ya ce, "Na ruwa in zai mutu yana gaya maka, hon ya shaƙe, fitila ta yi ja. Wannan ban san harshensa ba. Ka tambayi wanda ya aiko. Ni dai da nawa ne, ba zan zauna a kansa ba."

Sai na cire shi na ɓoye a bayan randa. Da asuba Baba ya danna, shiru. Ya buɗe murfi ya ga wayam. Bai ko tambayi kowa ba, ɗakina ya nufo.

Ya ce, "Har ni, Zulkiflu?"

Na ce, "Baba, batirin ne ya kumbura."

Ya ce, "Ka ɗinke wa ladan hannun riga, na ba da haƙuri. Ka aika mutane gaisuwar mutuwar wanda yake zaune yana shan shayi, na ba da haƙuri. Yanzu abin ya zo kaina? So kake in makara, yayanka ya ji?"

Na ɗauko na nuna masa cikin. Ya shafa ya ce zafi ne, shi ma ƙafarsa tana kumbura da bazara. Ya ce ɗan Habiba ne ya san abinsa, in ɗan Habiba ya ce a cire za a cire, amma ba ni ba. Ya tsaya a kaina har na mayar.

Ka ga inda nake. In na gaya wa Yaya Dawuda, a ranar zai karɓe makulli, ya ce ga shi babur ya zama haɗari. In na yi shiru, kullum ina kallon tsoho yana ɗora cinyarsa a kan abin nan. Na ce a sayo na ruwa kafin ka dawo, ya ce ba zai koma roƙon yara a Farcha ba.

Ba wasa nake ba. Ka rubuto wa Baba layi ɗaya da hannunka, a cire ko a bari. In kuma haihuwa zai yi, ka faɗa mana mu shirya, ka zo suna da ragonka tunda kai ne uban.

Zulkiflu


Kano
Mayu, 2009

Ubangida sarkin ƙarya,

Wa alaikumus salam. Na dawo lafiya, kaya ne suka tsaya mini shi ya sa na daɗe. Na tarar da takardunka biyu wajen Hajiya, na karanta mata ta farkon, ta yi dariya har da hawaye a kan labarin hula. Allah ya ƙara wa Kawu lafiya.

Ta biyun kuwa, sannu da ƙoƙari. Zazzaɓi, ciki, ƙamshin alewa, har da suna. Ka ji haushi Kawu yana yabona, kana so in rubuto in ce kayana ba su da kyau, ka bi Milezi kana karanta wa mutane. Ban manta ragon da ka ce ka aiko mini da Babbar Salla ba. Ranar ma cewa ka yi ba wasa kake ba. Na yi ta zirga-zirga a tasha da igiya a hannu, aka miƙo mini ƙaho biyu a cikin buhu. Ba za ka sake samuna ba.

Nawa yana nan a kan babur ɗina, cikinsa a lafe. Akwatin caji dai na san kun sa tun farko, ashana ko ba ashana ba, na san bakinka. Tunda an sa shi ba abin da zai faru.

Ga layin da ka roƙa. Kawu, ina gaisuwa. Ka hau abinka hankali kwance, kada ka kula Zulkiflu, kishi ne yake damunsa.

In an yi sunan a sa wa jaririn Zulkiflu, don ya taso ba ya jin magana.

Kamaluddeen


Milezi
Watan Jumada Ula

Kamaluddeen,

Sallama. Ba ma lafiya. Baba yana asibiti.

Takardarka ba hannuna ta fara zuwa ba. Waliyyullahi ya tarar da Baba a zaure ya miƙa masa. Baba ya karanta wa abokansa da ƙarfi, aka yi ta dariya, ana nuna ni. Sai da suka watse na ɗauka na karanta, na zo wajen akwatin caji. Na tafi wajen Abdussamad da gudu na ce, wai akwai wani akwati mai tsayar da caji? Ya ce akwai mana, na babur ɗin Baba ya mutu tun ina yaro, batirin ruwa ne yake haƙuri da shi. Ya ce me ya sa ban faɗa masa tun ranar ɗaurawa ba. Ya ce a garin nan ba za a samu wanda zai hau tsohon babur irin wannan ba, sai ko a Kusiri, tsallaken kogi.

Na dawo na gaya wa Baba. Ya ɗaga takardarka ya kaɗa mini a fuska ya ce, "Taubashinka ya ce kada in kula ka." Ya sa makulli a aljihu, ya shigar da babur ɗakinsa.

Da safe na haye Kusiri neman akwatin. Ina can ina bin rumfuna abin ya faru.

Baba ya taso daga Farcha da fatu a baya. Masu shago a bakin hanya sun ce sun ji wani huci, sai farin hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashinsa, kafin ya taka birki wuta ta kama masa riga. Ya faɗi, babur ya danne ƙafar, mai ya zubo. Mutane suka ja shi, suka yi ta watsa ƙasa. Wutar babur kuwa an zuba ruwa ta mutu, ta sake tashi, an zuba ta sake tashi. Sun ce ba su taɓa ganin wuta mai taurin kai irin wannan ba. Cinyarsa ta dama ta ƙone, da hannun da ya sa yana kashe rigar. Na je na ga abin da ya rage na babur. Ƙarfe ne baƙi, da warin fata.

Na shiga asibiti da akwatinka a hannu, na samo shi. Yaya Dawuda ya tare ni a baranda gaban mutane ya ce, "Me ka sa a ciki?" Na ce ban sa komai ba. Ya ce, "Inna ta ce ka taɓa cire shi ka ɓoye. Wane wasa ka shirya wa tsoho?" Ya mare ni. Ban rama ba. Yanzu duk Milezi maganar ke nan, wai Zulkiflu ya sa wa ubansa wani abu a babur don a yi dariya. Mai shayin da nake zama wajensa ya ga na nufo ya juya baya yana wanke kofin da ya riga ya wanke.

Na sake karanta takardarka ta farko. Maganar da za ta ƙone mutum ka ɗauka ka sa tsakanin wanka da gulma. Sama da ita a gaida batir, ƙasa da ita a fesa masa turare. Ta yaya zan gane? Kai da ka yi boko, kai da ka ga masu ƙera shi da idonka, ka rasa inda za ka ajiye wasa ka rubuta layi ɗaya a gefe? Na ce maka ba wasa nake ba, ka tuna mini da rago. Rago, Kamalu. An kwance wa Baba ƙyalle ɗazu ina tsaye, ya ciji hularsa don kada mu ji.

Ka gaya wa Goggo da bakinka. Ni ba zan rubuta mata ba.

Zulkiflu


Kano
Yuni, 2009

Zulkiflu,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba Kawu lafiya, ya sa kaffara ne. Na kira wayar Yaya Dawuda, yana jin muryata ya kashe.

Na gaya wa Hajiya. Tun ranar ba ta yi mini magana ba, abincina ma a ƙofa ake ajiyewa. Abu ɗaya ta faɗa, wai ɗan'uwanta ɗaya a duniya, ɗanta ya aika masa wuta a kwali. Ta ce da wane ido za ta sake shiga Milezi.

Amma kada ka ɗora mini duka. Na rubuta maganar akwati, da hannuna na rubuta. Kai ka amsa mini ka ce ka ɗaura. Da ka ce ba ka gane ba, da na yi bayani. Ka ce batir ya yi ciki, ka ce in zo suna da rago. Wane mai hankali ne zai karanta wannan daga hannunka ya tashi tsaye? Tun muna yara ba ka taɓa gaya mini magana ɗaya a miƙe ba. Kuma kana da hannu, kana ganin abin da idonka, ni ina wata ƙasa. Me ya hana ka jefa shi a kogi ka sha faɗan?

Na cire nawa daga babur, ban ma san dalili ba, lafiyarsa ƙalau.

Zan aiko wa Kawu sabon babur, mai maɓalli, da batirin ruwa irin wanda kuka sani. In hannun ya warke ya koma Farcha. Ka tambaye shi ko zai karɓa daga wajena. Ka kuma gaya mini gaskiya, yana ambaton sunana? Me yake cewa?

Kamaluddeen


Milezi
Watan Rajab

Kamaluddeen,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. An sallamo Baba. Cinyar tana haɗewa, likita ya ce hannun ma zai koma ya riƙe abu kamar da.

Ranar Juma'a Yaya Dawuda ya tara dangi a zaure, har da na unguwar Abena. Abu biyu ya kawo. Na ɗaya, in bar gidan, tunda wasana ya kai ga jini. Na biyu, a rubuta Kano a ce kada wani ya sake aiko da komai, kada wani ya sake zuwa. Wasu suka ce ni ne, wasu suka ce kai ne, murya ta fara tashi. Na kawo maganar sabon babur ɗinka, Yaya ya ce a mayar maka da abinka tun bai taso ba. Wani kawun Inna ya ce a'a, in laifin batir ne ai mutum yana iya komawa kan babur, a karɓa, amma a san cewa ɗan Habiba ne ya jawo.

Baba yana kwance a gefe a kan tabarma, an ɗauka barci yake. Sai ya ce a tayar da shi zaune.

Ya ce, "Ku bar yaran nan. Batir bai yi komai ba. Jiri ne ya ɗebe ni na faɗi, mai ya zube a kan inji, wuta ta kama. Ba ranar ya fara mini ba, tun bara nake ganin hanya tana rabuwa biyu, ina ɓoyewa. Dawuda ya yi gaskiya tun farko. Na tsufa. Daga yau shi zai riƙa zuwa Farcha."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba." Aka shafa fatiha, aka tashi. A bakin ƙofa wasu har suna dafa mini kafaɗa.

Da kowa ya fita na ce, "Baba, ba haka aka yi ba. Masu shago sun ga hayaƙi kafin ka faɗi."

Ya ce, "Ni nake kan babur ɗin, kai za ka gaya mini?"

Na ce, "Ba ka da wani jiri. Ga sabon babur zai zo, hannunka zai warke."

Ya ce, "In na hau, ƙarya na yi wa mutane ke nan. In ƙarya na yi, to ɗayanku ne, su zaɓa. Kai za a kora, ko Habiba ce za ta mutu ba ta sake taka gidan nan ba? Gyara mini matashin nan."

Na gyara masa.

Don haka kada ka aiko da babur, ba mai hawa. Ka gaya wa Goggo abin da ya faɗa a zaure, shi kaɗai, ya ce haka yake so ta ji. Ta zo in ta samu hali. Ka tambaya ko yana ambatonka. Yana yi, yana cewa ɗan Habiba yaron kirki ne.

Yaya ya fara zuwa Farcha a bayan ɗan kilando, masu haya da babur. Mahauta biyu sun riga sun koma wa wani. Baba yana tashi da asuba kamar kullum, ya yi salla, ya sa rigar fita da hula, ya zauna a zaure. In rana ta ɗaga ya cire hular ya ajiye. Jiya tuwonsa ya koma kamar yadda aka kawo.

Baba ne ya sa ni rubuta wannan. Ya ce taubasai ba sa gaba, in ɗauki alƙalami in tsokane ka kamar da, ya ji muna dariya. Tun hantsi nake zaune da takarda a gwiwa ina neman abin da zan ce maka, ga la'asar ta yi ban samu ba. Yana kallona daga zaure. In ya tambaya zan ce na yi.

Ka gaida Goggo.

Zulkiflu